Kafin ka yarda da jirgin da kake gani a taswirar waya

Ɗan kasuwar Garwa ko Njamena da kwantenarsa ke kan teku zuwa Duwala yana iya buɗe MarineTraffic, manhajar bin diddigin jiragen ruwa, ya ga jirgin. Abin da yake gani saƙon AIS ne, na'urar rediyon da dokar SOLAS, ta kare rayuka a teku, ta wajabta wa duk jirgi mai tan 300 zuwa sama da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Idan jirgi na tafiya, tana faɗin inda yake duk daƙiƙa 2 zuwa 10, gwargwadon gudunsa. Idan ya jefa anga, sai duk minti 3.

An yi ta ne don kada jirage su yi karo, shi ya sa zangonta gajere ne, mil ashirin zuwa arba'in daga gaɓa. Can tsakiyar teku sai tauraron ɗan'adam ke tsintar saƙon, kuma inda jirage suka yi yawa saƙonni na cin karo da juna, wasu su salwanta. To, abin da za ka fara dubawa shi ne lokacin da saƙon ƙarshe ya iso. Ɗigon jiya ba inda jirgin yake yau ba ne.

Nemi jirgi da lambar IMO, wato lambar shaidar jirgin kansa mai alƙaluma 7, wadda ba ta canzawa ko an sayar da shi. Suna na canzawa, lambar rediyonsa ta MMSI mai alƙaluma 9 kuwa tana bin tutar ƙasar da aka yi wa jirgin rajista. Tashar da ya nufa da ranar isowa da hannu ake shigar da su, kuma sau da yawa na tafiyar baya ake bari. Wanda ya fi damuna shi ne mazaunin eriyar GPS a jikin jirgi: in an rubuta shi ba daidai ba a jirgi mai tsawon mita 200, gangar jikinsa za ta bayyana a gefe a taswira, kuma a ƙuntataccen mashigin kogin Wuri da ke kai wa Duwala wannan haɗari ne na gaske.

A Tekun Gini kyaftin na da izinin kashe AIS idan yana tsoron 'yan fashi. Ɓacewar jirgi daga taswira ba nutsewa ba ce, domin tsarin LRIT na bin diddigin jirage daga nesa na ci gaba da kai wa ƙasar tutarsa rahoto duk awa 6. Shi kansa matuƙi dole ya riƙa gwama AIS da radar, tun da yawancin kwalekwalen masunta ba su da na'urar.