Abin da aikin shingen tsiro ya koya mini

Duk mai son a dasa masa shingen tsiro mai kore rani da damina, tambayarsa ɗaya ce: yaushe zai yi tsawon da zai kare shi daga idon masu wucewa? Ni kuwa a wannan aiki na gane tsawo ba shi ne abin damuwa ba. Itatuwan shinge irin su Duranta ko Ficus, muddin sun samu ruwa, ba sai an roƙe su za su yi sama ba. Wahalar tana daga gwiwa zuwa ƙasa, inda shinge kan zube ganye ya bar sanduna tsirara, har kaza ta ratsa ba ta taɓa komai ba.

Dalili shi ne, kan kowane reshe yana fitar da wani sinadari, oksin, mai danne idanun tohon da ke ƙasansa. Da ka datse kan, sai idanun nan su farka, reshe ɗaya ya zama biyu ko uku. Shi ya sa tun shekarar farko nake sa almakashi, ko da mai lambu zai ɓata rai yana ganin ana rage masa abin da ya biya. Askin kuma da siffarsa: gindi ya fi sama faɗi. In aka yi akasin haka, saman ya yi wa ƙasan inuwa, ganyen da bai ga rana ba kuwa ba ya daɗewa.

Sauran aikin ba wuya. Rami ya ninka dunƙulen saiwa faɗi amma kada ya fi shi zurfi. Tazarar santimita 45 zuwa 60 ta wadatar wa ƙananan iri. Ban ruwa mai ratsa ƙasa jefi-jefi ya fi yayyafin kullum, musamman a shekaru 2 na farko. A rufe gindi da busasshiyar ciyawa, kada dai ta manne da kara, don tana ruɓar da shi. Ganin tsohon ganye ya yi rawaya ya faɗi ba ciwo ba ne, itatuwa masu kore rani da damina su ma suna sauya ganye, a hankali ne kawai.

Kafin na zaɓi iri, sai na tambaya ko akwai yara a gidan, domin 'ya'yan Duranta masu ruwan lemo suna jan ido kuma suna da guba. Nakan kuma duba ko irin yana tohowa daga tsohon itace. Duranta ko ka sare ta ƙasa-ƙasa za ta dawo, amma wani itacen shinge mai suna Leyland cypress, in aski ya wuce kore ya kai busasshen ciki, wannan gurbin ya tafi ke nan.