Mutumin da ke lilo a jikin laima

Shekara tara ke nan ina koyar da tarihi a wata sakandare a ƙauyenmu, nan gefen Ringim. Ranar da muka zo kan yaƙin sama na 1940 tsakanin Birtaniya da Jamus, na zana jirgi yana ci da wuta a allo, na zana matuƙinsa ya diro yana lilo a jikin laima. Na ce wa yara wannan ba a harbinsa, don ba shi da abin kare kansa, ba kuma inda zai ɓuya. Na kawo musu misali da dambe: gwiwa na taɓa ƙasa an yi kisa, ba a ƙara wa mutum.

Sai wani yaro a bencin baya, wanda yayansa soja ne, ya ɗaga hannu. "Malam, ai ɗan dambe bai ƙona gidan kowa ba. Wannan in ya sauka a ƙasarsu, gobe wani jirgin za su ba shi ya dawo."

Alli na hannuna, na rasa ta cewa.

Da na koma bincike, ashe maganar yaron manya sun riga shi. Hugh Dowding, wanda ya jagoranci jiragen yaƙin Birtaniya a wancan gumurzu, ya ce Bajamushen da ya diro a kan Ingila fursuna ne tun yana sama, amma matuƙin Birtaniya da ke sauka gida har yanzu mayaƙi ne, Jamusawa na da ikon harbinsa. A kan yaransa fa yake faɗin haka. An rubuta haramcin harbin mai sauka da laima a birnin Hague tun 1923, sai dai bai zama doka ba. Sai a 1977, a ƙarin da aka yi wa Yarjejeniyar Geneva, wato dokokin yaƙi na duniya, sashe na 42 ya hana taɓa duk wanda ya diro daga jirgin da ya lalace, in kuma ya faɗo hannun abokan gaba a ba shi damar miƙa wuya. Wasu ƙasashe sun nemi a cire wanda zai sauka a yankin da mutanensa ke riƙe da shi daga wannan kariya, aka ƙi. Sojojin laima da aka zubo don kai hari, su kam babu wannan kariya. Najeriya ta shiga wannan ƙarin yarjejeniya a 1988.

Lissafin yaron daidai ne, ban kuma ɓoye masa ba. Amma na ce masa ya ja zaren ya ga inda zai tsaya. Sojan da ke kwance a asibiti da karaya, shi ma zai warke ya koma fage. A bi shi kan gado a ƙarasa? Sayyidina Ali a yaƙin Jamal ya hana a ƙarasa mai rauni, ya hana a bi wanda ya juya baya, alhali ya san suna iya dawowa. Idan don abin da mutum zai yi gobe ake kashe shi yau, wallahi ban ga wanda zai tsira ba.

Na ba su labarin Franz Stigler, matuƙin jirgin yaƙin Jamus da a ranar 20 ga Disamba 1943 ya riski wani jirgin Amurka duk ya farfashe, yana hango masu rauni a ciki ta ramukan harsashi. Ya ɗauke su kamar mutanen da ke jikin laima, ya raka su zuwa bakin teku bai harba ba. Shi da matuƙin, Charlie Brown, sun haɗu a 1990.

Yaron ya daɗe yana kallon zanen. Can ya ce, "To Malam, mutanen garin da jirgin ya jefa wa bam a safiyar, an tambaye su?" Mun ɗaga maganar zuwa Litinin, na hana a goge allon.