Ku juya tsohuwar riga kafin ku sa almakashi

Ƙannena masu ɗinka kayan wasan tarihi, akwai rigar da har yau ina jin ciwonta, kuma ba na so ku maimaita abin da na yi.

An ba ni aikin babbar rigar wanda zai fito a matsayin attajirin Kano na 1851, shekarar da Baturen nan Barth ya shigo birnin, ya tarar tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu. Na shiga kasuwa na yanko shadda, na hau keke, cikin kwana uku na gama, har da aikin wuya na zaren roba mai walƙiya. Ranar gwaji wani dattijo, tsohon maɗinki, ya kama bakin rigar ya juya cikinta, ya ce, "Ɗana, yaushe keke ya zo garin nan?" Ashe a 1851 ɗin ne ma Singer ya yi rajistar kekensa can Amurka.

Washegari ya fito mini da rigar kakansa. Saƙi ce, sawaye sirara, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba, an jera su an haɗa da allura ɗaya bayan ɗaya. Idan ka shafa cikinta za ka ji kaushin haɗin a yatsa, nan taku ya ɗan matse, can ya ɗan saki. Aska takwas, wato adon ɗinkin da ke kan aljihu, da zaren tsamiya (silikin daji) aka yi ta, ba ya ƙyalli, launinsa kamar na ƙasa. Wannan nauyi da faɗuwar rigar a kafaɗa, shadda ba za ta taɓa ba ku shi ba. Don Allah ku je Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, ku ƙare wa kayan da kallo, ko ku roƙi tsofaffin gidanku su buɗe muku adaka.

Kuskurena na biyu ya fi ƙona mini rai. Na samo saƙi rinin baba, na zana askar da alƙalami da tawada kamar yadda aka koya mini, na zauna wata biyu ina aiki da farin zare. Ban wanke yadin ba tukuna. Zufar hannuna kaɗai ta ishe shi: kafin in kai rabi, farin ya koma shuɗi-shuɗi, dabbare-dabbare. Baba yana zuba, halinsa ke nan. Ku ɗauraye yadin har ruwan ya washe, ku shanya a inuwa, ya gama tsukewarsa, sannan ku zana.

Kada kuma ku yi alkawarin mako biyu a kan aikin hannu. Idan lokaci ya ƙure, ku yi aska biyu mai tsabta, ku bar takwas sai wani wasan. Tawa da na sake daga farko wata huɗu ta ci, ina yi bayan la'asar a bakin zaure, inda haske ya fi.