Yadda Jitar Heavy Metal Ta Samu Kaushin Murya

Gurnanin jitar heavy metal, wani salon kiɗa mai tsananin ƙara, yana fitowa ne idan aka matsa wa bawul, wato ƙwan gilashin da ke cikin amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), har sautin ya dishe. Da farko sai an ƙure ƙarar amfilifayar Marshall, wadda Jim Marshall ya fara ƙerawa a Landan a 1962, kunne kuwa ya ji a jikinsa. Daga baya Randall Smith na kamfanin Mesa/Boogie a Kalifoniya ya jera matakan bawul, kowane yana ƙara wa na gaba ƙarfi, sai kaushin ya samu ko an rage ƙara. A ganina amfilifayar Peavey 5150 ta 1992 ta fi cizo, amma Marshall JCM800 ta 1981 ta fi fito da amon kowace tsirkiya.