Rami na 18 a bakin Tafkin Biktoriya

Shekara 11 ina buga golf, wasan jefa 'yar ƙwallo a rami da sanda, a Kano, a kan busasshiyar ƙasa. Da hunturu, ƙwallo in ta faɗi sai ta yi ta gangarawa, ta ƙara maka taku 30 kyauta. Da wannan sabon na isa Kigo, tsakanin Kampala da Entebbe a ƙasar Yuganda, inda otal ɗin Lake Victoria Serena yake da fili mai rami 18 a bakin tafki. Taron aiki ne ya kai ni Kampala, ranar Asabar kuma babu zama.

Na fita bayan asuba, raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf. Tafkin nan, wanda babu kamarsa girma a Afirka, har Kenya da Tanzaniya ya taɓo, yana shimfiɗe iya ganinka, masunta na dawowa a kwalekwale. Balbelu na tsintar ƙwari a gefen fadama, ko a jikinsu.

Bugun farko na gane ƙasar nan ba ta ba da kyauta. Inda ƙwallo ta sauka, nan take zama daram. Ga ruwa a gaba, ga ruwa a gefe, kuma doka sananniya ce: ta faɗa ruwa, an ci ka tarar bugu ɗaya, alhali mai ƙarancin bugu ne ke cin wasa. Kafin rami na 9 na rasa ƙwallo uku, duk don ina zaɓen sanda da lissafin Kano.

Saurayin da ke riƙe mini jakar sanduna ya daɗe yana kallona bai ce uffan ba. Can sai ya miƙo wadda ta fi tawa kai nisa. "Yallaɓai, iska daga tafki take zuwa, kuma idonka na kan ruwa. Ka duba tutar ramin." Gaskiyarsa. Hannuna ya ƙage a jikin sanda don tsoro, ni da na taso inda rijiya da kududdufi ne ruwanmu. Yaron nan ya san kowane kwari da tudu na filin kamar tafin hannunsa, har yau ina ganin girmansa.

Ramin ƙarshe a kan tsibiri yake, ruwa ya kewaye lallausar ciyawar, sai 'yar hanyar da ake bi a shiga. Na yi bisimilla, na sassauta riƙo, na ɗora ido a kan tuta. Ƙarar bugun kaɗai ta gaya mini ya yi. Ƙwallon ta tashi, ta ƙetare ruwan, ta dira kamar taku 6 daga ramin. Sau biyu na tura ta kafin ta shige.

Na miƙa wa yaron hannu, ya riƙe da hannu biyu yana murmushi. Da rana na ci soyayyar karfasa ta tafkin da dafaffiyar ayabarsu da suke kira matoke, takalmana na shanye a gefe.