Daga Maraɗi zuwa Dakoro, ina bin iskar damina

Na bar Maraɗi da sassafe a makon farko na Yuni, na bi ta Tibiri na miƙi hanyar Dakoro. Iska tana busowa daga kudu maso yamma, mai laushi da danshi. Wannan iskar daga Tekun Gini ta taso, ta ratsa Najeriya kafin ta iso mana, kuma ita ce ke kawo mafi yawan milimita 500 ɗin da Maraɗi ke samu a shekara.

Kusa da gari hatsi ya tsiro. Kafin Kornaka kuwa gonaki jajaye ne, an yi binne ana jira. Dalili shi ne layin da iskar teku ke karo da busasshiyar iskar hamada yana haurowa arewa a hankali, ruwa mai nauyi kuma yana biye da shi a baya da kilomita ɗaruruwa. Daga Mayu zuwa Yuli ruwan Tekun Gini yana yin sanyi, Sahara na ƙara zafi. Wannan bambancin ne ke jawo iska cikin ƙasa, har wajen ƙarshen Yuni damina ta yi tsalle daga gaɓar teku zuwa Sahel. Shekarar da tekun ya ƙi yin sanyi, sai ruwa ya zube a Legas da Kwatano, mu a bar mu da ƙura. Haka aka yi a 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari.

Tekun Pasifik ma, duk nisansa, yana da hannu a rumbunmu. Idan zafin tsakiyarsa ya haura yadda aka saba da rabin digiri na tsawon watanni, shi ne El Nino, kuma yakan rage mana ruwa, kamar a 1972 da 1983. La Nina kuwa, wato idan tsakiyar tekun ya fi yadda aka saba sanyi, takan ƙara mana ruwa. Sai dai ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba: idan Bahar Rum da arewacin Atilantika suka yi ɗumi, danshi na ƙaruwa a Sahel, har ya danne tasirin El Nino. Waɗannan ma'aunai ne, daga tauraron ɗan'adam da na'urorin da ke nutsewa mita 2000 cikin teku su taso duk kwana 10, masana na cibiyoyin nazarin yanayi AGRHYMET da ACMAD a Yamai ke haɗawa su fitar da hasashen damina wajen Afrilu.

A wani ƙauye bayan Kornaka na tsaya duba ma'aunin ruwa. Milimita 11 ne a littafin. Wani dattijo ya ce, "Malam, rediyo ta ce bana akwai ruwa, mu shibka?" Na ce, "Baba, a dakata tukuna." Hasashen ya kasa damina gida uku ne, sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa, ya faɗi wanda ya fi rinjaye a yanki baki ɗaya. Ranar shibka ba ta cikinsa. Ƙa'idarta ita ce a samu milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da dogon fari ya biyo ba. Ƙasa da haka iri ya tsiro rairayi ya ƙone shi, a sake sayen wani. Ga shi hasashen El Nino da aka yi kafin Mayu ya fi saurin kuskure, shi ya sa nake matsa wa mutane su saurari gyaran da ake yi daga baya da kuma rahoton kwana goma-goma.

Da la'asar, dab da Dakoro, hadari ya haɗu a gabas. Danshin na kudu ne, amma hadarin daga gabas yake zuwa, a kan igiyoyin iska masu wucewa duk kwana 3 zuwa 5. Ya taso da jar ƙura, ya zuba a wani gefen hanya, ɗaya gefen ko ɗigo. Direba ya kunna fitila muka shiga gari.