Wa ya ƙera, wa ya biya, wa ya ci?

A zangon da muka karanci tarihin Isra'ila ta dā a makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, malaminmu ya ba mu wani aiki mai kama da na akawu. Ya ce kowa ya raba takardarsa gida uku. Duk inda muka ci karo da gunki, tun daga littafin Fitowa har zuwa Ezekiyel, mu rubuta wanda ya ƙera shi, da wanda ya biya kuɗin, da wanda yake cin abinci a gindinsa. Ya hana mu yin wa'azi a takardar. Sunaye kawai yake so.

Wanda ya taso yana jin labarin Iliya a Dutsen Karmel zai zaci takardar za ta cika da sunayen baƙi. Yezebel tana ciki kam, 'yar Etba'al sarkin Sidon, da annabawan gunkin Ba'al 450 da na gunkiya Ashera 400 da take ciyarwa. Amma irinta ba su da yawa. Sunayen da suka yi ta maimaituwa na 'yan gida ne: firist, Balawe (ɗan kabilar Lawi da aka keɓe domin hidimar ibada), sarki da aka shafa wa mai. Kuma kusan babu ko ɗaya cikinsu da ya fito ya ce ya bar Ubangiji. Wannan shi ne babban abin da na kwaso daga zangon. Bautar gumaka a Isra'ila ba ta cika shigowa da sunan tawaye ba. Da sunan ibada take shigowa, kuma waɗanda aka damƙa wa ibadar su ne suke buɗe mata ƙofa.

Fitowa sura 32 ta nuna haka tun da wuri. Da Haruna ya karɓi 'yan kunnen zinariya ya ƙera maraƙi, ya gina bagade a gabansa, shelar da ya yi ita ce gobe akwai idi ga Ubangiji. Da Musa ya sauko ya tsare shi da tambaya, sai ya ce ai shi zinariya ya jefa a wuta, maraƙin ya fito. Ga masu karatu Musulmi, labarin yana da wata fuska dabam: a Alƙur'ani, cikin Suratu Ɗaha, Samiri ne ya ƙera maraƙin, Annabi Haruna kuwa gargaɗi ya yi wa jama'a suka ƙi ji. Ni dai abin da littafin da muka karanta ya faɗa nake bi.

Labarin da ya fi riƙe ajinmu shi ne na Mika da Balawensa, a Littafin Mahukunta sura 17 da 18. Ba a cika jin sa a kan bagade ba, kuma na gane dalili. Mika mutumin ƙasar tuddai ta Ifraimu ne. Ya saci shekel 1,100 na azurfa na mahaifiyarsa, ya ji ta tana tsine wa ɓarawo, tsoro ya kama shi ya dawo da su. Nan take tsinuwa ta koma albarka. Uwar ta ce ta keɓe kuɗin ga Ubangiji domin a yi gunki da su, sai ta ɗebi shekel 200 ta ba maƙeri. Sauran 900 fa? Marubucin ya yi shiru, ya bar mai karatu da lissafinsa.

Ana nan sai ga wani saurayi Balawe daga Baitalami ta Yahuza, yana yawon neman wurin zama. Mika ya yi masa tayi: ya zauna ya zama masa uba da firist, a ba shi shekel 10 a shekara, da sutura, da abinci. Saurayin ya amsa. Mika ya ce yanzu ya tabbata Ubangiji zai yi masa alheri tunda ya samu Balawe a gidansa. Babu wanda ya ga wani abin tambaya. Ɗakin gumaka ne, an sa masa firist na asali, shi ke nan a ganinsu lamari ya cika.

Daga baya 'yan leƙen asiri biyar na kabilar Dan suka biyo ta gidan, suka gane muryar saurayin, suka tambaye shi me yake yi a nan. Amsarsa ba ta da kwana: Mika ya ɗauke ni aiki. Suka nemi ya tambayar musu Allah ko tafiyarsu za ta yi kyau, ya ce su tafi lafiya. Da suka dawo da mayaƙa 600 suna kwashe gumakan, ya buɗe baki zai yi magana, suka ce ya kama bakinsa ya biyo su. Wanne ya fi, zama firist na gidan mutum ɗaya ko na kabila guda? Littafin ya ce zuciyar firist ɗin ta yi fari. Shi da hannunsa ya ɗauki gumakan ubangidansa ya shige tsakiyar rundunar. Sai a ƙarshen labarin aka faɗi sunansa, Jonatan ɗan Gershom, wanda yawancin masana suke ɗauka daga zuriyar Musa yake. Zuriyarsa suka ci gaba da firistanci a Dan har lokacin da aka kwashe mutanen ƙasar.

A nan ne wani dattijo a ajinmu, fasto ne da ya daɗe yana aiki a ƙauye kafin ya dawo karatu, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, kafin mu yanke wa yaron nan hukunci, me ya fitar da shi daga Baitalami?" Malam ya ce, "Baba Fasto, gaya mana." Ya ce yunwa. Ya ce shi ya san abin da ake nufi da shekara ta zagayo, ana jiran buhun masarar da ikkilisiya ta yi alkawari, a ji shiru, ga yara an koro su kuɗin makaranta. A irin wannan lokaci idan mai hali ɗaya a gari ya ɗauke maka nauyin, to ranar da ya ƙwace gonar gwauruwa, wa'azinka na Lahadi zai bi ta wata hanya. "Kowa ya ci ladan kuturu," in ji shi, bai ƙarasa ba, ajin ya ƙarasa masa.

Maganarsa tana da tushe a cikin Attaura. Lawiyawa ba a ba su yankin ƙasa na gado kamar sauran kabilu ba, da zakar jama'a suke rayuwa. Littafin Maimaitawar Shari'a yakan jera Balawe tare da baƙo da maraya da gwauruwa, wato waɗanda za a manta da su idan ba a tuna ba. Wannan bai wanke saurayin ba. Yunwa ta kai shi gidan Mika, amma ba yunwa ce ta faranta masa rai da ya ga babban matsayi ba. Sai dai ya sa na daina karanta labarin kamar na wani mugu na daban.

'Ya'yan Eli firist a Shilo ba su da wannan uzurin. Hofni da Finehas a ƙoshe suke. Baransu yakan zo da cokali mai yatsa uku ya caka cikin tukunyar mai hadaya, abin da ya fito na firist ne. Daga baya ma suka ce ɗanyen nama suke so tun kafin a ƙona kitse, wanda ya yi gardama a ƙwace da ƙarfi. Babu gunki ko ɗaya a wannan labari, amma da yaƙi ya yi zafi suka ɗauki akwatin alkawari zuwa fagen fama kamar laya, Filistiyawa suka kama shi.

Da mulki ya rabu biyu wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, abin ya tashi daga gidan mutum ɗaya ya zama tsarin gwamnati. Yerobowam, sarkin ɓangaren arewa, ya yi lissafi cewa muddin mutanensa suna zuwa Urushalima yin hadaya, wata rana zuciyarsu za ta koma ga Rehobowam, sarkin Yahuza da ke kudu. Ya sa maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel a kudancin ƙasarsa, ɗaya a Dan can arewa, ya ce wa jama'a wahalar tafiyar ta isa haka. Ya naɗa firistoci daga cikin jama'a, waɗanda ba Lawiyawa ba, ya sa idi a ranar 15 ga wata na takwas. Masu tona ƙasa ƙarƙashin Avraham Biran, waɗanda suka fara aiki a Tel Dan a 1966, sun tono babban dandamalin ibada na duwatsu a wurin. A Kuntillet Ajrud kuma, cikin hamadar Sinai, an samu rubuce-rubuce na wajen shekara ta 800 kafin haihuwar Almasihu, inda ake sa albarka da sunan Yahweh, wato Ubangiji, na Samariya da Asheransa. Wanda ya rubuta wannan bai ɗauki kansa arne ba. Haɗawa ya yi.

Ba wuya a gane abin da ya ja talaka. Kan'ana ba Masar ba ce da Kogin Nilu ke shayar da ita, ruwan sama take jira. Allunan da aka fara tonowa a Ras Shamra ta ƙasar Siriya a 1929 suna kiran Ba'al mahayin gizagizai, mai tsawa da ruwa. Manomin da ya yi shuka, sama ta ɗauke, ya ga maƙwabcinsa ya kai ɗan abu gindin itace, yana bukatar wanda zai ce masa a'a. Aikin firist ke nan. Annabi Yusha'u ya ce firistocin da zunubin jama'a suke ci, wato yawan laifi, yawan hadaya, yawan nama.

Wanda na fi tsayawa a kansa bayan Balawen Mika shi ne Amaziya, firist na Betel a zamanin Yerobowam na biyu, wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Almasihu. Zamanin arziki ne. Amos ya yi maganar masu kwanciya a gadajen hauren giwa, kuma an tono ɗaruruwan gutsattsarin hauren giwa da aka sassaƙa a Samariya. Wuraren ibada cike suke. Amos, makiyayi daga Tekowa ta Yahuza, ya ce ana sayar da matalauci a kan takalmi, ana shimfiɗa rigunan da aka karɓa jingina a kwanta a kansu kusa da kowane bagade. Doka ta ce a mayar wa talaka rigarsa kafin rana ta faɗi, don ita ce mayafinsa. Ga ta an kawo ta ɗakin ibada an zauna a kai, a gaban idon firist.

Me Amaziya ya yi? Bai ce Amos ƙarya yake yi ba, ko sau ɗaya. Ya fara aika wa sarki cewa ga wani yana ƙulla masa makirci, ƙasa ba za ta iya ɗaukar maganganunsa ba. Sannan ya ce wa Amos ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can, kada ya sake yin annabci a Betel, domin wurin ibadar sarki ne, haikalin masarauta ne. Da bakinsa ya faɗi mai wurin. Abin da ya fi damuna shi ne zancen abincin. Amaziya ya daɗe yana ci da addini har ya kasa tunanin akwai wanda zai yi magana ba don tuwo ba. Shi ya sa Amos ya amsa cewa shi ba annabi ba ne, ba ɗan annabi ba, yana da garkensa da itatuwan ɓaurensa. Ba a cika shekara 40 ba Assuriya ta ci Samariya a 722.

Yahuza ba ta fi ba. Sarki Ahaz ya ga wani bagade a Dimashƙu ya burge shi, ya aiko da zanensa, Uriya firist ya gina shi kafin sarki ya dawo, ba tare da an rubuta ya yi ko tari ba. Annabi Mika, ba wancan mai ɗakin gumaka ba, ya ce firistoci don lada suke koyarwa, annabawa don kuɗi suke duba, wanda ya sa musu abu a baki su ce masa salama, wanda ya hana su ɗaura masa yaƙi, kuma duk da haka suna jingina ga Ubangiji suna cewa ai yana tare da mu. Lokacin gyaran addini na Sarki Yosiya a 622, kayan Ba'al da na Ashera daga cikin Haikali aka fitar da su. Shekara 30 bayan haka Ezekiyel, wanda shi ma firist ne, ya ga a wahayi dattawa 70 suna ƙona turare ga zane-zane a wani ɗaki mai duhu, da mutum wajen 25 sun ba Haikali baya suna yi wa rana sujada.

Irmiya bai bar jama'a sun tsira da ɗora wa shugabanni laifi ba. Ya ce annabawa suna annabcin ƙarya, firistoci suna mulki da ikon kansu, mutanena kuwa haka suke so. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai cewa salama ya fi daɗin saurare, kuma shi ake kai wa goro. Irmiya, ɗan gidan firistoci na Anatot, dukan tsiya ya sha a hannun Fashur, babban jami'in Haikali, ya kwana a turu. Urushalima ta faɗi a hannun Babila a 586.

Bayan dawowa daga bauta, maruƙan zinariya da ginshiƙan Ashera sun ɓace daga labarin. Halin bai ɓace ba. Malakai ya tarar firistoci suna karɓar makauniyar dabba da gurguwa a kan bagade, ya ce su gwada kai wa gwamna irinta su gani. Nehemiya gwamnan Yahuza kuma, da ya dawo daga fadar sarkin Farisa, ya iske Eliyashib firist ya kwashe babban ɗakin da ake ajiye hatsin hadaya da turare da zaka, ya ba Tobiya, mutumin da ya yi ta adawa da ginin garun birnin, saboda akwai dangantaka a tsakaninsu. Lawiyawa da mawaƙa kuwa ba a ba su rabonsu ba, kowa ya koma gonarsa. Nehemiya ya watsar da kayan Tobiya waje, ya sa aka tsarkake ɗakunan, ya tara Lawiyawan ya mayar da su bakin aiki. Sannan ya cire rumbunan daga hannun mutum ɗaya, ya damƙa su ga mutum huɗu da aka shaida amanarsu, cikinsu har da firist da magatakarda da Balawe, su riƙa raba wa 'yan'uwansu.